Allurar cire haƙori tana hana jini isa zuciya?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 67, yana da hawan jini, kuma in ya yi doguwar tafiya ƙirjinsa yana matse shi. Haƙorinsa ya ruɓe, an ce sai an cire. Abokan zamansa sun ce masa allurar da ake yi a dasashi tana toshe jijiyoyin zuciya, wai gara a cire ba allura. Ya ƙi zuwa asibiti, kwana huɗu ba barci. Wallahi hankalina a tashe yake. Daga unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Lidokayin, maganin kashe zafin da ke cikin allurar, ba ya toshe jijiya. Buɗe hanyoyin jini ma yake yi a inda aka sa shi, shi ya sa ake haɗa shi da ɗan wani sinadari mai suna adirenalin, don ya tsuke su maganin ya daɗe a wurin. A nan ne abin lura yake. Zuciya tana samun nata jinin ne a ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu. Adirenalin yana hanzarta bugun, hutun ya gajarta, ita kuma buƙatarta ta ƙaru. Don haka mai ciwon zuciya ba ma wuce masa miligiram 0.04 na adirenalin, wato kusan kwalba 2 na ƴan kwalaben nan masu mililita 1.8, ko mu sa wanda babu adirenalin a ciki. Kafin mu tura kuma sai mun ja sirinjin baya, mu tabbata bakin allurar bai faɗa jijiyar jini ba.

Amma zancen "gara a cire ba allura" shi ne ya fi ci mini rai, don kusan kullum sai na ji shi. Su masu faɗa, sun san jikin mutum da kansa yana yin adirenalin? A saman ƙoda ake yin sa, kuma babu abin da ke kwararo shi cikin jini kamar azaba da tsoro. Ki dubi dattijon da aka danne ana girgiza masa haƙori da filaya: ya riƙe kujera, gumi na zuba, jijiyar wuya ta tashi. A wannan lokacin jininsa ya hau, zuciyarsa na gudu, adirenalin ɗin da jikinsa ya zuba ya fi na kwalba nesa ba kusa ba, kuma shi babu mai auna shi, babu mai tsayar da shi. Wanda tafiya kaɗai ke matse wa ƙirji, ina zai iya da wannan? Abin da ake gudu a allura, shi ake jawowa da ƙin allura. Kuma daga wannan shawara ina ake nufa? Wajen mai cire haƙori a gefen kasuwa, wanda bai taɓa auna jinin kowa ba, bai tambayi maganin da mutum ke sha ba. In ƙirji ya riƙe a hannunsa, ba shi da komai sai salati. Masu shawarar kuwa suna zaune a inuwa suna shan shayi, ba su za su yi jinya ba. Raina yana ɓaci ne don na sha karɓar irin waɗannan dattawa bayan aikin gama ya gama, fuska a kumbure, ruɓa ta gangara wuya.

Haɗarin allurar na gaskiya shi ne a zarce kima ko ta shiga jijiyar jini. Alamunsa ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri, wani lokaci har jijjiga. Da nauyin mutum ake lissafa kimar, a asibiti kuma akwai abin taimako kusa.

Ki raka Baba da safe, bayan ya karya. Ku tafi da duk magungunansa a leda. Ya sha na hawan jini kamar kullum, kuma in yana shan asfirin kada ya daina sai likitan zuciya ya ce. In ciwon ƙirjin ya fara zo masa yana zaune ko yana kwance, ku fara zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram a duba zuciyar tukuna, a ba shi maganin ruɓar, haƙorin ya biyo baya.