Kafin ka biya kuɗin gwajin ADHD a Ingila, saurare ni ƙanena

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban so in baka amsar tsaye bane shi yasa na bari sai yau da bana aiki, saboda abun da ka tambaya ni kaina na bi ta cikinsa kuma na sha wuya. Kace ka samu gurbin mastas a Ingila zaka taho watan Satumba, kuma tun kana Unijos kake zargin kana da ADHD, wato matsalar rashin iya tara hankali wuri ɗaya da rashin natsuwa, ka buɗe littafi minti goma hankalinka ya kai kasuwar Terminus ya dawo, aikin makaranta sai daren da za'a miƙa, ka ga talla a intanet wai wani asibitin kuɗi zai duba ka cikin sati biyu, kana tambaya ko ka ware kuɗin daga cikin guzurinka.

Kar ka biya tukuna, dan Allah.

Shi gwajin da suke talla shine mafi sauƙin abun. Ni na zo 2022, a 2023 na biya fam 800 da ɗoriya aka duba ni ta bidiyo, wajen awa biyu likita yana min tambayoyi, ƙarshe yace eh ina da shi. Wallahi ranar har hawaye nayi don daɗi, shekara talatin ana ce min malalaci mara natsuwa ashe abun yana da suna. Na ɗauka magana ta ƙare kenan gobe in karɓi magani. Ashe yanzu aka fara.

Bayan gwaji akwai abun da suke ce ma taitireshan, wato daidaita adadin maganin da jikinka zai ɗauka. Ba kaman maganin maleriya bane da za'a ce sha huɗu safe huɗu yamma kwana uku shikenan, wannan kowa da nasa, wani ƙato ne amma ƙaramin dos ya ishe shi, wata 'yar siririya sai an kai ta sama. A nan magunguna biyu ake fara gwada ma manya, methylphenidate irin su Concerta XL, ko lisdexamfetamine wanda ake sayarwa da sunan Elvanse. In basu karɓe ka ba akwai atomoxetine, shi kuma sai yayi makonni kafin ka fara jin aikinsa. Kafin su baka ko ƙwara ɗaya sai sun san awon jininka da bugun zuciya da nauyinka, su tambaye ka ko akwai ciwon zuciya a gidanku ko wanda ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya yana matashi, to ka tambayi su Mama wannan tun kana gida, kar ka amsa da ka.

Ni Elvanse aka ɗora ni, aka fara da miligiram 30. Na sayi na'urar awon jini na ajiye kusa da butar shayi, kullum da safe in ɗaura a dantse in rubuta lambar a wani ɗan littafi tare da awa nawa nayi barci da me na iya ci, in tura musu. Satin farko na zauna na karanta shafi ashirin ban tashi ba, abun da ban taɓa yi ba a rayuwata, na kira matata nace zo ki gani. Amma wajen azahar sai ya sake ni. Aka kai 50, ya zauna daidai. Aka ce mu gwada 70 wanda shine ƙarshe, nan fa zuciyata ta dinga bugawa kaman na hau dutsen Shere da gudu, bakina ya bushe ƙamas, ƙarfe biyun dare idona biyu, na zama mai saurin fushi har yara suka fara kaffa-kaffa dani. Aka maida ni 50. Duk wannan sai da ya ci wata huɗu. Kuma abinci fa, za'a ajiye min tuwo da miyar kuka da na fi so a duniya in kalle shi kaman ba nawa ba, na rame sosai, sai da na koyi cika cikina da safe kafin in sha. Kofi na daina, goro ma da nake ɗan taunawa na ajiye don shima yana ƙara bugun zuciya. Azumi kuma ka gaya ma likitan tun da wuri, ni da sahur nake sha amma sai da muka zauna da shi muka tsara, kar ka canza lokaci da kanka.

To duk wata huɗun nan kowane zama da likita kuɗi ne, rubuta takardar maganin kuɗi, maganin kansa a kemis kuɗi don takardar asibitin kuɗi ce gwamnati bata sa hannu, wajen fam ɗari nake biya na wata ɗaya. Kuma ba'a baka na wata uku ka ajiye, magani ne da doka ta sa ma ido sosai, yawanci na kwana 30 ake rubutawa, takardar ma in ta wuce kwana 28 ta mutu. Ka lissafa wannan da canjin naira na yanzu ka gani.

Abun da yafi ƙona min rai shine na ƙarshe. Tsarin shine in an gama daidaita maka, asibitin kuɗin zai rubuta ma likitan unguwarku, GP kenan, ya karɓi rubuta maganin a ƙarƙashin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin nan, su kuma su dinga duba ka sau ɗaya a shekara, sunan yarjejeniyar shared care, ka riƙe kalmar nan don zaka buƙace ta. In ya karɓa fam 9.90 kawai zaka dinga biya duk rubutu ɗaya. Amma ba dole bane ya karɓa, doka bata tilasta shi ba. Nawa ƙi yayi. Yace basa karɓan na asibitin kuɗi, in je in bi layin NHS a sake duba ni daga farko. Lokacin shirin Panorama na BBC sun fito da rahoto a watan Mayun 2023 akan wasu asibitocin kuɗi da suke tabbatar ma mutane ciwon cikin gaggawa, tun daga nan likitoci da yawa suka ɗaure fuska. Ga shi daga Satumban shekarar maganin yayi ƙaranci a ƙasar gaba ɗaya, na yini ina kiran kemis ɗaya bayan ɗaya. Da na tambayi GP ɗin nan tun kafin in biya ko kwabo da ban shiga wannan ba.

Shi yasa nake ce maka kana sauka, satin farko, kayi rajista da GP. Kuɗin lafiya da ka biya tare da biza, fam 776 na kowace shekara ga ɗalibi, shine ya baka haƙƙin NHS kaman kowa, kar kaji kunya. Ka nemi ganin likita kace kana so a tura ka gwajin ADHD ta hanyar Right to Choose. Tsari ne da ya baka damar zaɓan asibiti mai zaman kansa da yake da kwantiragi da NHS, gwaji da daidaita magani duk NHS ke biya. Layin NHS na ainihi a wasu garuruwa shekaru ne, wannan yafi sauri duk da shima watanni ne kuma wasu yankuna sun fara taƙaita shi. A Ingila kaɗai yake aiki, in makarantarka a Sikotland ko Wels take babu shi. Na san mastas shekara ɗaya ce, zai yiwu ka ga jiran yayi yawa ka zaɓi biya, ban ce haramun bane, amma ka fara tambayan GP ɗin ƙarara ko zai karɓi yarjejeniyar daga asibitin da ka zaɓa, in da hali su baka a rubuce. Kuma kaje ofishin kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman a jami'arku tun da wuri, suna iya ƙara maka lokaci a jarabawa ko ɗaga ranar miƙa aiki, su zasu faɗa maka shaidar da suke so.

Yanzu aikin da zakayi a Jos kafin ka taho, wannan yafi komai. Likita ba zai yarda ba sai ya ga alamun sun fara kafin ka kai shekara 12, kuma suna damunka a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali, ba wai tun da ka sayi waya ba. Zasu so wani babba da ya san yarintarka ya cika fom. Ni Hajiyarmu ce ta buɗe tsohuwar akwatinta ta ƙarfe a Gangare, ƙarƙashin zannuwa ta zaro katin sakamakona na firamare duk ya yi ja don tsufa, aji uku malama ta rubuta yana da ƙwaƙwalwa amma baya zama wuri ɗaya, aji biyar wani malamin ya rubuta kusan haka, ga surutu ga mantuwar littafi. Ƙanwata ta ɗauka a waya ta turo, likitan ya daɗe yana kallonsu fiye da duk bayanin da nayi da bakina. Ka nemo naka duka. In ka samu dama kaje sashen masu tabin hankali da damuwa a JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, ka ga likita, ba don kai mahaukaci bane, don wani lokacin damuwa ko rashin barci suna kama da ADHD sak, kuma wasiƙarsa zata taimaka duk da GP na nan ba zai rubuta maka magani da ita kaɗai ba sai ƙwararren nan ya gan ka.

Su Baba kuma ka bi dasu a hankali. Mutanenmu sun ga abun da tiramol da kodin suka yi ma yaran unguwa, suna jin ance magani mai sa kuzari hankalinsu zai tashi, kuma suna da gaskiyarsu. Ka nuna musu likita ne ke bayarwa da awo da sa ido. Kai ma in wani ɗalibi a hostel yace ga ƙwara ɗaya ka gwada lokacin jarabawa kar ka karɓa, baka san me zuciyarka zata yi ba, kuma riƙe shi ba takardar likita laifi ne da zai iya taɓa bizarka. Ranar da zaka zo hutu gida da naka ka taho dashi cikin kwalinsa mai sunanka da wasiƙar likita saboda 'yan NDLEA a filin jirgi.

Ka turo min sunan garin da makarantar take in duba maka yadda layin yankin yake, ka gaida Mama kace nace ta fara laluben akwati.