Dalilin bin gangar roka da na'urar sauti

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa muke ɓata kwanaki muna bin gangar roka taki bayan taki da na'urar sauti, wato wadda ke aika sauti cikin ƙarfe tana nuna amsa-kuwwarsa a allo, alhali hoton eksire ya riga ya fito babu aibi. Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin yadda aka gina injin.

Daga waje akwai gangar ƙarfe, a cikinta an manna roba mai kare zafi, sai siririn shafe na danƙo, sannan daskararren makamashin da aka zuba ya sandare a ciki. Wutar tana kamawa daga ramin tsakiya, tana cin makamashin zuwa bango da zafin da ya kai digiri 3,000, kuma da zarar ta kama ba a iya kashe ta. Idan manne ya saki a wani wuri, harshen wuta zai kutsa ta nan ya riski ƙarfen tun lokaci bai yi ba. Haka ya faru ranar 18 ga Afrilu 1986 a sansanin Vandenberg na Kalifoniya, inda rokar Titan 34D ta tarwatse ba ta cika daƙiƙa 10 da tashi ba, bincike kuma ya ɗora laifin a kan robar da ta rabu da gangar.

Eksire yana ganin giɓi ne kawai idan haskensa ya bi tsawon giɓin, shi ya sa muke ɗaukar hoton ta gefen ganga muna juya ta. Rabuwar da ba ta kai kaurin silin gashi ba tana iya wuce shi salin-alin.

Sauti kuwa da wuya ta ɓoye masa. Ka jiƙa ƙarfen da ruwa don kada iska ta shiga tsakani, ka ɗora bakin na'urar a kansa, sannan ka zuba wa allon ido. Inda roba ta kama da kyau, tana shanye wani kaso na sautin duk lokacin da ya daki bangon ciki, sai ka ga amsa-kuwwar ta mutu da wuri. Inda ta saki, sautin ya rasa mafita, sai ya yi ta kai da komo cikin ƙarfen, layukan amsa-kuwwar da ke kan allon su daɗe a tsaye.

Abin da ke hana ni barci shi ne mannen ƙarya, wato fuskoki biyu su haɗu ƙam amma babu riƙo a tsakaninsu, sau da yawa saboda ɗigon maiƙo ko shatin yatsa da aka bari kafin a shafa danƙo. Wannan yana iya yaudarar na'urar sautin ma, don haka nake matsa muku kan safar hannu da rubuta yadda aka wanke kowace ganga.

Gobe kafin ka taɓa injin, ka fara gwada na'urarka a kan farantin gwaji, wanda aka ɓoye ƙyallen Teflon, wani abu mai santsi da danƙo ba ya kama shi, a ƙarƙashin robarsa don ya zama rabuwar da aka yi da gangan. Idan ba ta nuna maka ƙyallen ba, ka tsaya ka kira ni.