Gwajin jini da tashin cutar lufus

Tambaya: Likita, ina da lufus, cutar nan da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita, kuma gwajin jini na ANA kullum yana nuna akwai. Ciwon ne bai lafa ba?

Amsa: Ba lallai ba, 'yar'uwa. ANA, wato sinadarin garkuwar jiki da ke far wa ƙwayoyin jikin mai shi, na taimakawa wajen gano cutar ne, kuma yakan zauna a jini ko ciwon ya kwanta. Wanda ake bi don lura da tashin ciwon shi ne anti-dsDNA, wani nau'in irin wannan sinadarin da ake aunawa a jini. Idan ya hau, sinadaran C3 da C4 (furotin na garkuwar jiki da ke cikin jini) kuma suka sauka, ciwon na iya tasowa, musamman a ƙoda, sai a duba furotin da jini a fitsari. Ki riƙa gwaji a wuri ɗaya, don hanyoyin aunawa sun bambanta. Idan anti-dsDNA ya hau amma babu wata alama a jiki, sa ido ake yi, ba ƙarin magani ba.