Farashin Katako da Kasuwar Gidaje a Amurka

Tambaya: Idan katako ya yi tsada a Amurka, alama ce ta ana gina gidaje da yawa?

Amsa: Ba kullum ba. Yawancin gidajen Amurka da katako ake kafa gangar jikinsu, matsakaicin gida yakan ci kusan ƙafa 15,000 na katako (a ma'aunin katako, ƙafa ɗaya na nufin allo mai tsawo da faɗin ƙafa ɗaya da kaurin inci ɗaya). A watan Mayun 2021 farashin ƙafa 1,000 ya haura dala 1,600, saboda masu gini sun yi yawa, masana'antun yanka katako kuma sun kasa biyan buƙata. Wannan tsada ce ta ciniki.

Tsadar haraji daban take. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na katakon ginin Amurka daga Kanada yake zuwa, kuma a 2025 harajin da aka ɗora masa ya wuce kashi 35 cikin ɗari. Farashi yakan tashi ko da gini ya ja baya, dillalai ma sukan cika rumbu kafin harajin ya fara aiki, daga baya kaya ya yi kwantai.

Don haka, in kana son sanin ko ana gina gidaje da yawa, ka duba adadin takardun izinin gini da kuɗin ruwan bashin gida. Da ruwan ya kai kashi 7 a 2022, farashin katako ya faɗi ƙasa warwas.