Amsa: Tambari zan fara yi ko tara ayyuka?

Ƙanena, ka ce kana karatun zane a Yabatech, kwalejin fasaha da ke Yaba a Legas, kana tambaya ko ka fara da tambarinka da katin sana'a kafin ka fita neman kwastoma. A ganina ayyukan ne gaba. Mai shagon yadi a Agege ba ruwansa da kyan tambarinka, so yake ya ga allon da ka taɓa zana wa wani. Ka zaɓi biyar ko shida mafi kyau, har da na makaranta, ka ɗora a Behance (shafin intanet da masu zane ke baje ayyukansu) da Instagram.

Tambari kuwa, sunanka da rubutu mai tsabta ya isa. Sai dai ka duba salon haruffan yana da ƙ, ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su.

Katin ka kai unguwar Shomolu da ke Legas, can ne matattarar masu ɗab'i. Ka mai da fayil ɗin zuwa CMYK tukuna, wato tsarin launukan da injin ɗab'i ke aiki da shi, in ba haka ba shuɗin da ke ƙyalli a waya zai fito a dushe. Ka ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka nemi takarda mai kauri, kuma kar ka yarda su buga duka sai ka riƙe samfur ɗaya a hannunka. Lambar WhatsApp ɗinka ta fito ɓaro-ɓaro.