Allurar antibodi ga mai sefsis

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka nemo wa mahaifiyarka allurar antibodi (sinadarin garkuwar jiki mai kama abin da aka yi shi dominsa) tunda likitoci sun ce sefsis ne ya kwantar da ita, wato mummunan martanin jiki ga ƙwayar cuta har ya fara lalata sassan jikin. A'a, kada ka zubar da kuɗinka. Har yau babu wata allurar antibodi da aka tabbatar tana ceton wanda bakteriya ta jefa cikin sefsis. An gwada wata mai suna HA-1A a farkon shekarun 1990, aka yi ta murna, amma a 1993 aka janye ta, bayan gwaji na biyu ya nuna alamar ƙarin mace-mace a cikin waɗanda ba irin ƙwayar da aka yi ta dominta ke jininsu ba. Allurai masu toshe TNF, wani sinadarin jiki mai haddasa kumburi, su ma ba su kai labari ba. Tocilizumab da wataƙila ka ji sunanta, a korona mai tsanani take taimakawa, wannan kuwa wata magana ce daban.

A shekarun da na yi ina jinyar irin waɗannan marasa lafiya, gaggawa ce na ga tana ceto: maganin kashe bakteriya ta jijiya cikin awa ɗaya idan matsin jini ya faɗi ƙasa, ƙarin ruwa, da kawar da tushen ciwon, ko mugunya ce a ciki ko robar fitsari da ta daɗe. Ni jakar fitsarin nake fara dubawa da safe; in ta fara cika, ƙoda ta soma farfaɗowa. Ka tambayi likitanta ko an ɗebi jini don gano ƙwayar, da kuma inda ciwon ya samo asali. Allah Ya ba Mama lafiya.