Amsa ga Yaya Hajiya: yaro mai baiwa ma yana buƙatar kulawa ta musamman

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaya Hajiya, na saurari tambayarki, inda kika ce yaron da Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, kullum shi ne na ɗaya, wane taimako kuma yake nema, ba gara malami ya ji da waɗanda suke baya ba? To ki yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo.

Masu rauni kam dole a ja su, babu musu. Amma ki duba zaman wancan yaron a aji. Malami ya yi bayani sau ɗaya, ya gane. Sai a yi ta maimaitawa saboda sauran, shi kuwa yana zaune. Me zai yi? Ko surutu, ko zane a bayan littafi, ko ya riƙa jefo tambayoyin da malami zai ɗauka raini ne. Shi ke nan, ya zama fitinanne. Wata kuma sai ta ɓoye abin da ta sani, kada ƙawaye su ce tana ji da kanta. Akwai wata masaniya a Amurka, Leta Hollingworth, da ta daɗe tana aiki da irin waɗannan yara. A ganinta mai hazaƙa sosai rabin lokacinsa a aji asara ne, wanda ya yi zarra kuwa kusan duka.

Amma ni ba zaman banzan ne ya fi damuna ba. Yaron da ya gama firamare da sakandare bai taɓa haɗuwa da abin da ya gagare shi ba, wallahi bai koyi karatu ba. Eh, bai koya ba. Bai san yadda ake dafe kai a kan lissafi ɗaya, a kasa, a tashi, gobe a dawo masa ba. Ranar da ya shiga jami'a ya tarar da darasin da ba ya shiga da ji ɗaya, sai ya rikice, ya zaci baiwar ce ta ƙare. Abokinsa da ya saba shan wuya tun yana ƙarami sai ya zo ya wuce shi, iyaye su yi ta mamaki.

Sannan Yaya, ba kowane mai baiwa ne yake zuwa na ɗaya ba fa. Ramanujan na Indiya, wanda yau ake lissafa shi cikin manyan masana lissafi na duniya, ƙwace tallafin karatunsa aka yi saboda ya faɗi sauran darussa, ya bar kwaleji babu digiri. Aikin akawu yake yi a tashar jiragen ruwa ta Madras lokacin da ya rubuta wa Hardy, masanin lissafi na Jami'ar Kambirij ta Ingila, wasiƙa a 1913, sai a nan duniya ta san da shi. Haka Lewis Terman, wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, a 1921 ya fara bibiyar yara fiye da 1,500 da ya zaɓo da gwajin ƙwaƙwalwa a Kalifoniya. Yara biyu da gwajin ya watsar, Shockley da Alvarez, su ne daga baya suka ci kyautar Nobel. Don haka jarrabawa ɗaya ba ta isa a yanke wa yaro hukunci ba.

To me za a yi? Abin da na fi gani malamai suna yi shi ne, “Ka gama? Ga wasu ashirin irinsu.” Wannan hukunci ne, kuma yaron ba wawa ba ne, gobe zai rage sauri. Ko a mai da shi ƙaramin malami, kullum yana koya wa wasu. Jefi-jefi ba laifi, amma shi ma koyo ya zo yi. Abin da yake buƙata aiki mai wuya ne, ba mai yawa ba. Kafin a fara sabon babi a gwada shi, in ya riga ya iya, a ba shi abin da zai sa ya yi gumi. Wannan ba ya cin lokacin malami kamar yadda ake tsoro.

Maganar tsallake aji kuwa, tana da amfani, amma ba dole a ɗauke yaro gaba ɗaya ba. Terence Tao na Ostareliya, wanda ya ci zinare a gasar lissafi ta duniya a 1988 yana shekara 13, ba rana ɗaya aka jefa shi cikin manya ba. Lissafi yana yi da na gaba da shi nesa, wasu darussan kuma a ajin da ya fi kusa da sa'o'insa. Domin yaro ɗan shekara 8, ko da ƙwaƙwalwarsa ta ɗan 14 ce, in aka ƙwace masa fensir kuka zai yi. A fara da darasin da ya fi ƙarfi a ciki tukuna, a ga yadda zai zauna da manyan, kuma a tambaye shi ko yana so.